A GWADA MA'AUNIN LAIMA KAFIN A AMINCE DA SHI

Jawabin Malamin Gona ga manoman auduga a Sabangali, Injamena

Na san cikinku akwai masu lambu a bakin Kogin Shari, akwai kuma masu tafiya kudu da damina su noma auduga wajen Bongor da Pala da Mundu. Maganata ta yau ta shafe ku duka, watau zancen ma'aunin laima, ɗan ƙarfen nan da ake cusawa a ƙasa ya nuna yawan ruwan da ke cikinta.

Tun shekarar 1928 da Turawan Faransa suka tilasta noman auduga a ƙasar Cadi, da hannu iyayenmu suke gane laima. Su dunƙula ƙasa, in ta kama da ruwa, in ta wargaje babu. Yanzu ga na'ura ta zo, amma ku sani a ƙasar waje aka saita ta, ba ta san gonarku ba. Jigawa ba ta riƙe ruwa kamar laka. Baƙar laka kuwa in ta bushe tsagewa take yi, iska ta shiga tsakaninta da ƙarfen, sai ya nuna fari alhali akwai ruwa. Inda gishiri ko taki ya yi yawa, wani irin ma'aunin ya kan nuna ruwa fiye da wanda ke nan.

To, ba wanda zai yarda a auna masa auduga a kasuwa da sikelin da ba a gwada ba. Haka wannan ma. Ga yadda ake yi.

Da fari a cusa ma'aunin, a danne ƙasa ta manne da shi sosai, a rubuta lambar da ya nuna. Sa'an nan a kawo zoben ƙarfe mai cin ruwa mililita 100, a buga shi kusa da ma'aunin, zurfinsu ɗaya. A tono shi cike, a shafe bakinsa da wuƙa, a juye ƙasar cikin gwangwani mai murfi, a auna nan da nan kafin rana ta sha ruwan.

Bayan haka sai a busar da ita. A ɗakin bincike, kamar na tashar aikin gona ta Bebejiya, cikin tanda ake sa ta, zafi digiri 105, kwana ɗaya cur. Wanda ba shi da tanda ya baza ta a kasko bisa wuta kaɗan kaɗan, yana juyawa, yana aunawa, har nauyin ya daina raguwa. Kada a bari ta ƙone.

Ga misali. Ɗanya ta yi giram 165, busasshiya ta yi 140. Giram 25 da suka tafi ruwa ne, watau laimar gonar kashi 25 ce cikin ɗari. In ma'auninka ya ce 32, ya yi maka ƙarin 7. Rubuta haka a littafi.

Gwaji ɗaya ba ya isa. A yi sau uku: kwana biyu bayan ruwa mai ƙarfi, da lokacin da ƙasa ta fara shan iska, da kuma sa'ad da ganye ya soma yaushi da rana tsaka. Kowane lokaci a ɗebi zobe uku, don ɗaya ya kan yi ƙarya. Mai gona biyu, jigawa da fadama, tilas kowace ta sami nata shafi. Kuma tun da saiwar auduga nutsawa take yi ƙasa, a gwada a zurfin taki ɗaya, a sake a zurfin kamu ɗaya.

Wani zai ce wannan wahala ce. Lalle akwai ɗan aiki, amma ku dubi abin da ke kansa. Iri da taki da maganin ƙwari bashi ne, a kuɗin audugarku za a cire. Wanda ya shuka bisa laimar ƙarya, irin zai tsiro ya mutu, sai ya sake shuka a makare. Wajen wata biyu bayan shuka auduga take fara fure, in ta ji ƙishi a lokacin nan sai ta zubar da fure da 'ya'ya. Ruwan da ya kwanta ma yana shaƙe saiwa. Ku masu lambu kuma, kowane ban ruwan da ba a bukata man inji ne aka ƙone a banza, ga taki ya bi ruwa ya wuce saiwa.

Saboda haka kada ku yar da sanin hannu. In ma'auni ya ce akwai ruwa, hannunka ya ce babu, tona ka gani, gama gani ya kori ji. A sake gwaji kowace shekara kafin shuka. Wanda ba shi da sikeli ko zobe ya haɗu da maƙwabtansa su nemi malamin gona.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.