Kafin Ka Ƙirga Haske, Sai Ka Auna Duhu

Shugaban ƙungiya, 'yan uwa ɗalibai, an ce in faɗi abin da ke tsare ni a ɗakin gwaji har ba a ganina wajen taro. To, ga shi.

Haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kowace ƙwaya ana ce mata foton. Einstein ya yi bayanin haka tun 1905. Aikina shi ne auna na'urar da ke ƙirga su ɗai-ɗai, wato bututun ninka haske, PMT. Idan foton ya faɗa kan sinadarin da aka shafa a fuskar gilashinsa, sai ya fizgo ilektiron guda. Wannan ya bugi faranti ya fito da wasu, su ma su bugi na gaba, har wajen faranti goma, da lantarki mai ƙarfin bolt 1,000 zuwa 2,000. Guda ɗaya sai ya zama miliyan. Irinsu fiye da 11,000 ne a tankin Super-Kamiokande na Japan.

Sai dai ba duk foton bututun ke kamawa ba. A shuɗin haske, kusan ɗaya cikin huɗu ne. Yadda muke aunawa, mukan sa shi cikin baƙin akwati tare da 'yar fitilar da muka riga muka san ƙarfinta. Sai mu dushe ta, har ya zama idan ta ƙifta sau goma, tara bututun bai ga komai ba. Ta haka, in ya amsa, galibi ilektiron guda ne.

A shekarata ta farko na yi mako uku ina aunawa, na samu kashi 40 cikin ɗari. Wallahi har na fara murna. Malamina ya duba, ya ce, "Ka kashe fitilar ka ƙirga?" Ban yi ba. Da na kashe, bututun ya ci gaba da ƙirge abinsa. Kaɗan daga ciki ɗumi ne ke sakin ilektiron ko a duhu, sauran kuwa hasken ɗaki ne ke shigowa ta ramin waya. Aikin mako uku ya tashi a banza, ga wa'adin rahoto ya matso.

Na liƙe ramin, na auna duhu, na debe shi, lissafi ya dawo kusa da 25. Shi na rubuta.

'Yan uwa, duk sakamakon da ya yi muku daɗi da yawa, ku fara tuhumarsa kafin wani ya tuhume ku. Allah Ya sa mu gama lafiya.