Lacca: Idan Babba Ya Rasa Bakin Magana



A shekarar 1861 wani likita a birnin Paris, Paul Broca, ya duba wani majinyaci mai suna Leborgne da ya kwashe shekara 21 bakinsa ba ya iya furta komai sai "tan". Duk abin da aka faɗa masa yana ganewa. Da ya rasu, Broca ya buɗe kansa, ya tarar da lahani a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Wannan ciwo shi likitoci ke kira afasiya, kuma yana nan cikin gidajen unguwannin Yelwa da Fulɓere na Garwa, ko da ba a san sunansa ba.

Hanyar da ya fi bi ita ce hawan jini. Jijiya ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ya shanye, magana ta tafi tare da shi. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama suna fuskantar haka. Sai kuma ɗan acaɓar da ya faɗi ba hular kwano. Ban da afasiya, akwai mai ciwon Parkinson da muryarsa ke dusashewa, da malamin makaranta ko ladan da ya matsa wa maƙogwaronsa cikin ƙurar hunturu. In'ina ma ba ta tsaya ga yara ba: a 2013 masu bincike daga Amurka sun wallafa nazari kan wani babban dangi a Kamaru da take bi cikin jininsu.

Abin da ya fi ruɗa iyali shi ne wannan: dattijon da ya kasa cewa "a ba ni ruwa" yana iya kawo Fatiha tiryan-tiryan. Nan take sai a ce shafar aljanu ce, ko kuwa ganganci yake yi. Ko ɗaya babu. Abin da baki ya haddace, da abin da ake rerawa, ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa da maganar da mutum ke haɗawa nan take ba. A kan haka likitoci a Boston suka gina wata dabarar jinya a 1973, inda majinyaci ke rera jimla kafin ya iya faɗinta. Mai yin irin wannan jinya, wato mai gyaran magana, yana kuma duba haɗiya, domin ƙwarewa da kunu na iya kai abinci huhu.

Masu wannan sana'a kaɗan ne a Kamaru, galibi kuma da Faransanci aka horar da su, alhali tsohuwar da ta kwanta a Pitowa kusa da Garwa da Fulatanci ko Hausa take buƙatar a dawo mata da baki. Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da tsangayar likitanci. Ya dace ta horar da masu jin harsunan yankin.

Kafin nan, masu jinya a gida su rage ƙarar rediyo, su yi tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, su jira amsa ba tare da sun ƙarasa wa majinyaci jimla ba. Wanda kuma bakinsa ya karkace ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, a kai shi asibiti a wannan sa'ar.