JIJIYA DA TOHUWAR GAƁA: DARASI DAGA KWAƊO DA DANGINSA



Bahaushe yana kiran saiwar itace jijiya, yana kuma kiran zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi da wannan suna. Binciken masana ya nuna cewa gamin ya dace, domin jijiyar jiki ma tana ciyarwa kamar yadda saiwa take yi.

Ku dubi 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya da ke cika kududdufan Karakkai da damina. Ƙaraminsu idan ya rasa ƙafa tana iya tohowa, amma da ya girma baiwar sai ta gushe. Danginsu salamanda, masu kama da ƙadangare, su kan riƙe ta har tsufa.

A shekarar 1823 wani likitan Ingila, Tweedy John Todd, ya gano cewa idan aka yanke jijiyar ƙafar salamanda, dungulmin ba ya tohowa. Daga baya Marcus Singer na Amurka ya tabbatar da cewa yawan zaruruwan jijiya shi ne sharaɗi, wato in sun gaza wani adadi, tohuwa ba ta yiwuwa.

To, me jijiyar take bayarwa? Bayan rauni ya rufe, ƙwayoyin halitta su kan taru a bakin dungulmi su yi toho, kuma dole su yi ta rarrabuwa kafin ƙashi da tsoka su samu. Jijiya ce take tsatso sinadaran da ke zuga su. A 2007 Anoop Kumar da Jeremy Brockes na Landan suka bayyana ɗaya daga ciki, mai suna nAG, wanda da suka sa shi a dungulmin da aka raba da jijiya, sai ƙafa ta toho har da yatsu. A 2022 kuma masanan Jami'ar Tufts suka ɗaura wa babban kwaɗon Afirka haɗin magunguna 5 na awa 24, ƙafa ta yi ta tohowa cikin wata 18.

Jama'a, ɗan Adam bai kai ga wannan ba tukuna. Amma kuturta da ciwon suga duk jijiya suke lalatawa, kuma mun san yadda gyambon masu su yake ƙin warkewa. Saboda haka wanda ya ji ƙafarsa ta fara mutuwa, ya hanzarta zuwa asibiti tun jijiyar tana da rai.