Ina Za A Ajiye Waƙoƙin Dā?

A ranar murna irin ta yau mukan tuna da waƙoƙin da iyayenmu suka raira. Bari mu ba ku labarin wani mutum da taskarsa ta waƙoƙi, domin mu ga inda ya kamata a danƙa irin wannan dukiya.

Sunansa Hugh Tracey, mutumin Ingila ne, ya zo ƙasar da ake ce da ita Zimbabuwe yanzu domin noman taba. Da ya ji waƙoƙin ma'aikatan gona, sai suka shiga ransa. Tun 1929 ya soma ɗaukar muryoyinsu a faifai. Daga baya ya yi ta yawo da mota da na'ura, har Kwango da Uganda da Kenya. A 1954 ya kafa ɗakin ajiyar kiɗe-kiɗen Afirka a Roodepoort, kusa da Johannesburg, ya kuwa fitar da faifai fiye da 200.

Amma mutum ba ya dawwama. Ya rasu a 1977, kuɗin riƙon wurin kuma ya yi wuya. Ɗansa Andrew ya ga nauyin ya fi ƙarfin gida ɗaya, sai a 1978 aka ƙaurar da taskar zuwa Jami'ar Rhodes, a garin da ake kira Makhanda yanzu.

Don me jami'a? Gama ba ta mutuwa tare da shugabanta; in wannan ya tafi, wani ya gaje shi. Tana da ɗakin da zai kāre zaren rikoda daga zafi da laima, waɗanda su ne manyan magabtansa. Tana kuma da almajirai masu zuwa su ji, su koyi kaɗa kayan kiɗan da hannunsu. A can ne aka juye waƙoƙin cikin kwamfuta tun zaren bai lalace ba. Har a 2014 aka koma da waɗansu wurin Kipsigis na Kenya, waɗanda aka ɗauki muryoyinsu a 1950, 'ya'ya da jikoki suka ji iyayensu suna waƙa.

To, 'yan'uwa, waɗansunmu suna da tsofaffin faifai da kaset cikin akwati, gara da ƙura suna jiransu. Kada mu bari sai mai akwatin ya kwanta dama tukuna. Kada kuma mu ba kowane wuri domin girman sunansa kaɗai. Mu tambaya tukuna: wa zai lura da su bayan shekara 50? Wa za a bari ya shiga ya ji? Za a ba masu waƙar da zuriyarsu nasu kwafi? Abin da aka shirya kuwa, a rubuta shi a takarda, a sa hannu gaban shaidu. Gidan da ya ƙi amsa waɗannan tambayoyi, mu riƙe kayanmu, mu nemi wani.