Ka Sayar da Kwamfuta, Kada Ka Haɗa da Asirinka

Jawabin da aka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu



Mai girma shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa fatake da dillalai da direbobi, waɗanda suka zo daga Maraɗi da Damagaram da Birnin Konni, da na Katsina da Kano da Sakkwato, da baƙinmu na Kwatano da Kumasi, ina yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya maimaita mana wannan rana cikin lafiya da yalwar kasuwa.

Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan abin da ya kamata ɗan kasuwa ya yi kafin ya rabu da tsohuwar kwamfutarsa. Wani zai ce wannan ai zancen yara ne 'yan boko. To, a yi mini haƙuri na ɗan lokaci, domin zance ne na kuɗi da amana.

Iyayenmu da suka yi fatauci kafin mu suna da littafin bashi. A cikin akwati yake kwana, makulli kuma yana aljihun maigida. Ba a taɓa jin wanda ya sayar da akwatinsa da littafin a ciki ba. Yau wannan littafi ya koma cikin laftof ɗin da ke shago, ko kwamfutar da ke kan teburin akawu. Kowa ya tuna abin da ke cikin tasa: sunayen masu bashi da adadin da ake bin kowa, farashin da kake saro kaya da sunan wanda kake saro wa a Kwatano ko Lome ko Dubai, takardun kwastan da na duwan, lambar kwantena, lambar mota da sunan direba da ranar tashi. Akwai hoton fasfo ɗinka da na iyalinka tun lokacin neman biza, da katin ɗan ƙasa, da lambar BVN, da bayanan asusun banki. Akwai kalmomin sirri da Chrome ya adana maka don kada ka riƙa rubutawa kullum. Sau da yawa WhatsApp ɗinka ma a buɗe yake a ciki.

Ku lura, fiye da rabin wannan ba naka ba ne kai kaɗai. Hajiyar da ta turo maka hoton katinta don a cika mata takarda, da abokin cinikin da ya ba ka lambar asusunsa, amana suka ba ka.

Idan waɗannan bayanai suka faɗa hannun ɗan damfara, aikinsa ya yi sauƙi. Ya san wanda kake bi bashi, ya san nawa ne, ya san yadda kake gaisuwa a saƙo. Sai kawai ya rubuta wa mutumin nan cewa Alhaji ya canza asusu, a tura ragowar kuɗin gero a wannan sabuwar lamba. Wanda aka faɗa wa adadin bashinsa daidai har da ranar da ya ɗauki kaya, me zai sa ya yi shakka? Abin da ya fi wannan muni, duk mun san halin da hanyoyinmu na kan iyaka suke ciki. Takardar da ta nuna wane ne mai kuɗi, wace rana motarsa ke tashi, ta ina take bi, ba takardar da za a bari ta yi yawo ba ce.

Da yawanmu muna ganin idan mun danna gogewa, mun kuma zubar da kwandon shara na kwamfuta, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Ku ɗauki ma'ajiyar kwamfuta kamar sito a Dawanau. A bakin ƙofa akwai littafin da ke nuna buhunan wane suna lungu kaza. Abin da gogewa take yi shi ne ta soke sunanka a littafin, ta rubuta cewa lungun nan babu kowa. Buhunan kuwa suna nan a jibge har ranar da aka kawo wasu aka sauke a wurin. Duk wanda ya shiga da fitila zai gan su. Fitilar nan kuwa kyauta ake samunta a intanet. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec an yi su ne don taimakon wanda ya goge abu bisa kuskure, amma ba sa tambayar ko kai ne mai kayan. Haka ma fomatin na gaggawa da masu gyara kan yi cikin minti biyu: littafin ƙofa kawai yake yagewa.

An gwada wannan an gani. Wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun sayi tsofaffin ma'ajiyar kwamfuta guda 158 a intanet da shagunan kayan hannu, suka wallafa sakamakon a farkon 2003. Guda 129 suna aiki, amma 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A cikin sauran sun tono lambobin katin banki sama da 5,000, har da wata ma'ajiya da ta fito daga injin cirar kuɗi, ɗauke da lambobin asusun jama'a. A 2009 kuma wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi wata ma'ajiya a kasuwa a Gana a kan dala 40, suka tarar da takardun kwangila tsakanin gwamnatin Amurka da wani babban kamfanin ƙera kayan yaƙi. A 2022 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, saboda tsofaffin na'urorinsa sun ƙare a gwanjo da bayanan abokan hulɗarsa a ciki. Idan gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta zo a kan gaɓa. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Saboda haka mutane da ofisoshi suna ta canza na'ura. Wasunmu za su sayar da tasu, masu harkar kwamfutoci 'yan Kwatano kuma za su ga kaya suna shigowa.

To, mene ne abin yi? Abu biyar ne, kuma a jere suke.

Na farko, kwashe kayanka. Sayi filashi mai girma ko ma'ajiya ta waje, ka kwafe lissafinka da takardunka da hotunan iyali. Kada ka tsaya nan. Kai ta wata kwamfutar ka buɗe fayil-fayil ka tabbatar sun buɗu, domin gogewar da za mu yi nan gaba ba ta da kome.

Na biyu, fitar da kanka daga duk inda ka shiga. Ka fita daga imel ɗinka, da Facebook, da shafin banki. A wayarka ka buɗe WhatsApp, ka je wurin da ake nuna na'urorin da aka haɗa, ka cire kwamfutar. Bayan nan ka canza kalmar sirrin imel da ta banki daga wata na'urar. Imel shi ne uwar makullai, domin ta nan ake sake buɗe duk sauran.

Na uku, gogewa ta gaskiya. A Windows 10 da 11 akwai wuri a cikin saiti mai suna Reset this PC. Masu kwamfutar Faransanci za su ga Réinitialiser ce PC. Zaɓi cire komai, wato Remove everything ko Supprimer tout. Kada ka yi sauri a nan, domin akwai wani zaɓi a ɓoye cikin canjin saiti mai suna Clean data, ko Nettoyer les données. Shi ne mai shiga cikin siton ya share, kuma a kashe yake zuwa sai ka kunna shi da kanka. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, don haka a fara shi lokacin da akwai tabbacin wuta, ko a jona a sola ko janareta.

A nan ya kamata ka san irin ma'ajiyar da ke cikin na'urarka, domin iri biyu ce. Tsohuwar tana da faifai mai juyawa, idan ka kasa kunne za ka ji ƙugin sa. Ita wannan, idan aka bi ta daga farko har ƙarshe aka rubuta sifiri a kai sau ɗaya, ya wadatar. Manhajar DBAN, wadda kyauta ce, tana yin wannan aiki. Sabuwar, wadda ake kira SSD, ba ta da abin da ke motsi a ciki, kuma tana rarraba rubutu a wurare daban-daban don kada gefe ɗaya ya riga lalacewa. Saboda haka rubutu a kai ba lallai ya kai kowane lungu ba, DBAN kuma ba don ita aka yi ta ba. Dabarar da ta fi a nan ita ce a fara kulle ma'ajiyar da BitLocker, idan na'urar tana da shi, sannan a yi gogewar. Duk abin da ya saura a ciki ya zama rubutun da babu mai iya karantawa, tunda makullin ya tafi. Kamfanonin da ke ƙera SSD, irin su Samsung, su ma suna da manhajar gogewa tasu. Masu sababbin kwamfutocin Apple kuwa suna da Erase All Content and Settings, kuma su tuna su fita daga iCloud.

Na huɗu, duba aikin. Kamar yadda ba ka biyan kuɗin lodi sai ka ƙirga buhu, haka nan ma. Idan an gama, kwamfutar ta tashi tana tambayar harshe da ƙasa kamar ranar da aka fito da ita daga kwali. Wanda yake son ƙarin natsuwa ya sa a bincika ta da Recuva a gabansa. In sunan fayil ɗinka ko hoto guda ya fito, a sake.

Na biyar ya shafi kwamfutar da ta mutu, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Allo ya fashe ko ta ƙi tashi, sai a miƙa wa 'yan gwangwan ko a bar wa mai gyara ya cire abin da zai yi amfani. Mutuwar kwamfuta ba mutuwar ma'ajiya ba ce. Ciro ta za a yi a jona a wata na'urar, komai ya bayyana. Saboda haka ka sa a kwance ta a gabanka, a ba ka ma'ajiyar a hannu. Ko ka adana ta a inda kake ajiye takardun gida, ko ka lalata ta. Mai faifai a huda ta da injin huji wuri uku ko huɗu, ko a daka ta da guduma har faifan ya lanƙwashe ko ya tarwatse. A kare ido, domin na laftof sau da yawa gilashi ne. SSD kuma a farfasa baƙaƙen ƙwayoyin da ke manne a jikin allonta ɗaya bayan ɗaya. Kada a ƙona, hayaƙin guba ne. Wanda asirinsa ke da nauyi, ko da na'urar lafiyarta ƙalau, ya cire tsohuwar ma'ajiya ya sa sabuwa kafin ya sayar. Kuɗin sabuwa bai kai asarar mota guda ta kaya ba.

Na san yawancin iyayenmu ba da hannunsu za su yi wannan ba. Babu laifi. Masu gyaranmu na Beirut Road a Kano da na kasuwannin Maraɗi da Yamai sun iya aikin, kuma akasarinsu mutanen kirki ne. Amma ka faɗi abin da kake so a fili, ka ce gogewa mai zurfi, ba fomatin na gaggawa ba. Ka zauna a wurin, ko ka zaunar da ɗanka ko amintaccen yaronka har a fara. Wannan ƙa'ida ba ta canzawa ko kyauta za ka bayar, domin ɗan uwan da ka ba yau, gobe yana iya sayarwa. Waya ma haka: cire sim da memori, fita daga asusun Google, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

'Yan uwana masu saye da sayar da kwamfutocin hannu, ku ma da naku. Idan kaya suka zo kuka tarar da hotuna da takardun wani a ciki, ku goge ba tare da leƙe ba. Bature ne ko Bahaushe, bai san ku ba, amma sirrinsa ya zo hannunku. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan gogewa kariya ce ga mai sayenku ma, tunda ba ku san irin cutar da tsohuwar na'ura ta ɗauko ba.

Hukuma ma ta shigo cikin maganar. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023. Nijar tana da tata tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Gana ta riga su tun 2012. Dukkansu sun ɗora wa wanda ya tara bayanan mutane nauyin kiyaye su, kuma ɗan kasuwar da ke riƙe da katunan abokan cinikinsa yana cikin lissafi.

Zan rufe da roƙo biyu ga shugabanni. Kwamfutar ofishin sakatare tana ɗauke da sunayenmu duka, da lambobin waya, da hotuna, da abin da kowa ya biya. Ina roƙon a rubuta a cikin dokokin ƙungiya cewa ba za a sayar da ita ko a bayar ba sai an goge ta a gaban shaidu biyu daga kwamiti. Na biyu, kowane reshe ya zaɓi amintaccen mai gyara guda, a sa rana sau ɗaya a shekara, duk mai tsohuwar kwamfuta ko waya a jibge a shago ya kawo a yi masa aikin a gabansa. Da yawanmu akwai irinsu a ƙarƙashin kanta, sun yi ƙura, ana jiran ranar da wani zai taya.

Kasuwancinmu na tsallaken iyaka a kan yarda yake tafiya. Mutum yana Damagaram ya saki kayan miliyoyi zuwa Kano da kalma ɗaya a waya, saboda ya san wanda yake hulɗa da shi. Mu kiyaye wannan yarda har a cikin na'urorin da muka gama amfani da su.

Allah ya rufa mana asiri, ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.