RUFIN ASIRIN ƊAN KASUWA A ZAMANIN KUƊIN WAYA

Jawabin da Akawun Jam'iyya ya karanta a taron reshen kasuwa.



Maganarmu ta yau ta rufin asiri ce. Kowa a nan ya san ɗan kasuwa ba ya faɗin jarinsa. In an tambaye shi ciniki, sai ya ce, "An gode Allah," ya yi shiru, gama ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A da mutum uku ne suka san abin da ke aljihunmu: uwar adashi, da dillali, da maigidan da ke ba mu kaya bashi. Mun san gidajensu duka, in ɗayansu ya tona mu, mun san dattijon da za mu kai wa ƙara. To, yau wa ke riƙe da asirinmu, ina kuma gidansa?

Bari mu tuna yadda aka zo nan. Cikin 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, aka ɗauki zanen yatsunmu da hotonmu. Cikin Disamba 2020 Gwamnati ta ce kowane layin waya a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. Cikin Oktoba 2022 aka yi shelar canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace daga hannu a farkon 2023, har mai ƙosai da mai tura baro suka koma karɓar tiransifa. Ba mu ƙi kuɗin waya ba. Falken da a da ya kan ɗinke kuɗi cikin wando ya nufi Legas yana fargabar 'yan fashi ya san amfaninsa. Amma kowane kwabo da ya bi ta waya yana barin sawu: sunan mai aikawa, da na mai karɓa, da adadin, da lokacin. Lamba guda kuwa ta ɗaure sawun duka. Wanda ya same ta ya sami hanyar zuwa sunanmu, da ranar haihuwarmu, da hotonmu, da layinmu.

Ga ƙofofi huɗu da asirin nan ke fita.

Ta fari, masu ba da bashi ta waya. Mutum ya kan ranci kuɗi kaɗan, manhajar ta nemi iznin duba lambobin da ke wayarsa, ya danna ba tare da ya karanta ba. Ran da ya makara, sai surukinsa da limamin unguwarsu su sami saƙo wai ɓarawo ne. Cikin Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin Soko Loans tarar naira miliyan 10 saboda irin wannan. Cikin 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji duba lambobi da hotunan mutane. Amma wanda aka riga aka kunyata a gaban surukai, wace tara za ta maido masa da mutuncinsa?

Ta biyu, masu sayar da bayanai. Cikin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ba da labarin waɗansu shafuna na intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100 kacal. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. To, mun ji. Amma hatsin da aka gani a kasuwa daga wani rumbu ya fito. Cikin 2024 ɗin kuma hukumar kare bayanai ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, ko da ya ke bankin ya musanta laifin.

Ta uku, hukuma da kanta. Cikin Nuwamba 2020 Babban Banki ya sami umurnin kotu ya rufe asusu 20 na waɗanda ake zargi da hannu a zanga-zangar EndSARS, ba a buɗe su ba sai Fabrairu 2021. Ko mutum yana goyon bayansu ko ba ya yi, darasin ɗaya ne: kuɗin da ke waya, wani na iya kulle shi daga ofis.

Ta huɗu, mu kanmu, kuma wannan ita ce mai zafi. Cikin 2025 hukumar EFCC ta ce akwai samari wajen 12,000 da ke yawo suna sayen BVN da NIN na mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000. Da su a ke buɗe asusu a wuce da kuɗin zamba. Ran da asiri ya tonu, ba yaron za a nema ba, mai sunan za a zo a kama a rumfarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jama'a, doka ba ta bar mu haka nan ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tsare sirrin ɗan ƙasa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Cikin Yuni 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai. A ƙarƙashinta muna da ikon tambayar banki ko kamfani abin da ya rubuta a kanmu da wanda ya ba, mu sa a gyara kuskure, mu janye yardar da muka bayar, mu kuma kai ƙara ga hukumar NDPC. In bayananmu sun fita ta hanyar da za ta cuce mu, wajibi ne kamfanin ya sanar da hukumar cikin awa 72. Amma dokar da talaka bai san da ita ba, takarda ce kawai a cikin akwati.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙonku. Kada a sayar da lamba, kada a ara wa kowa asusu, ko da ɗan ɗaki ne. Wanda ya zo da littafi yana rubuta lambobi da sunan tallafi, a tambaye shi wa ya aiko shi. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri, ko lambar nan da a kan aiko ta saƙo. Mai neman su ɓarawo ne, a kashe waya. Iyayenmu mata, a wurin mai POS ku danna lambarku da hannunku, kada ku faɗa da baki, kada ku aiki yaro da kati. In waya ta ɓata, a rufe layi, a gaya wa banki a ranar. Kada kuma a bar kofen takardar NIN a shagon hoto, gobe a ƙunsa gyaɗa da ita.

Ga hukuma kuwa, muna neman abu uku: a fassara dokar nan cikin Hausa a karanta ta a rediyo, takardar da banki ke ba mu mu sa hannu ta zo cikin harshen da mu ke ji, a kuma buɗe wurin kai ƙara kusa da manyan kasuwanni, inda wanda bai iya rubutu ba zai faɗi kukansa da baki. Kafin a yi haka, duk wanda ke da ƙara ya zo ofishin reshe, mu rubuta masa ba ko kwabo.

Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalam.