TAFIYAR AYARI A KAN KEKE A GAƁAR TSOHUWAR HANYAR RUWA TA CHESAPEAKE DA OHIO



Laccar yau ta shafi wata tsohuwar hanyar ruwa ta ƙasar Amurka, wadda mutane suka haƙa da hannu domin jiragen kaya, amma yau ayarin mahaya kekuna ne ke bin gaɓarta kwana da kwanaki. Abin da nake so mu duba shi ne, me ya kamata hukuma ta yi da babban aikin da ya daina kawo riba?

A ranar 4 ga watan Yuli 1828 Shugaba John Quincy Adams ya sa hannu aka soma haƙa wannan magudana, da nufin ta tashi daga Washinton, ta bi gefen kogin Potomac, ta sadu da kogin Ohio. A wannan ranar kuma aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa ta Baltimore da Ohio. Jirgin ƙasa ya isa garin Cumberland a 1842, ruwa kuwa bai iso ba sai 1850, nan kuma aikin ya tsaya, bayan an haƙa mil 184 da rabi, watau kimanin kilomita 297.

Kada mu raina wannan aiki. Akwai matakan ruwa 74, kowane da ƙofofinsa, inda ake shigar da jirgi a rufe, a cika wurin da ruwa har jirgin ya ɗago, sa'an nan a buɗe masa ya wuce. Akwai gadoji 11 waɗanda ke ɗauke da magudanar kanta bisa rafuka. Alfadarai ne ke jan jiragen da igiya, suna tafe a kan wata turba a gefen ruwa, galibin kayan kuwa kwal ne. Ambaliyar 1889 ta karya kamfanin, ta 1924 ta rufe hanyar ɗungum. A 1938 gwamnatin tarayya ta saye ta a kan dala miliyan 2.

Daga nan aka shiga muhawara. Waɗansu suka kawo shawarar a shimfiɗa titin mota a wurin, jaridar Washington Post ta goyi bayansu a farkon 1954. Sai William O. Douglas, alƙali a Kotun Ƙoli, ya rubuta wa editocin, ya gayyace su su taka hanyar da ƙafa tare da shi, tun da gani ya kori ji. A watan Maris na shekarar suka tashi, suka yi kwana takwas, mutum tara kaɗai suka kai ƙarshe. Jaridar ta sassauta ra'ayinta, amma sai a 1971 doka ta mai da wurin gandun tarihi na ƙasa.

To, me ya sa turbar alfadarai ta dace da keke? Dalili shi ne ruwan magudana ba ya hawan tudu, saboda haka turbar shimfiɗaɗɗiya ce. Duk hawan da ke tsakanin Washinton da Cumberland bai fi ƙafa 605 da yawa ba, shi ma kaɗan kaɗan yake zuwa a wurin matakan nan. Bugu da ƙari babu mota, ga inuwar itatuwa. Wannan ya sa dattijo da yaro suna iya shiga ayari ɗaya.

Mai ƙarfi yakan gama tafiyar cikin kwana uku, yana cin kimanin mil 60 kullum, amma ayari yakan ƙara kwanaki, don tafiyar jama'a da saurin mai rauni ake auna ta. Akan sa wanda ya san hanya a gaba, a bar mai kayan faci da famfo a baya, don kada a bar kowa shi kaɗai in taya ta sace. Doka ta hana wuce gudun mil 15 a awa, domin akwai masu tafiya a ƙasa. Ana samun zango bayan 'yan milamilai, inda ake kafa tanti. Wahalar ita ce turbar ƙasa ce da tsakuwa, in an yi ruwa sai taɓo. A Paw Paw kuma magudanar ta ratsa cikin dutse tsawon ƙafa 3,118, aikin da ya ci shekara 14. Nan akan sauka a tura keke, fitila a hannu, mutum na bin bayan mutum.

Masu tafiyar suna karanta tarihi da idonsu. Suna wucewa daura da Harpers Ferry, inda John Brown ya kai farmaki a 1859 don tayar da bayi, da kuma kusa da filin yaƙin Antietam na 1862. A 2013 aka kammala wata turba ta mil 150 a kan tsohon layin dogo, daga Cumberland zuwa Pittsburgh, har keke ya iya kaiwa inda masu haƙa suka yi niyya suka kasa.

Sai dai adana irin wannan wuri ba kyauta ba ne. Kogin da ya kashe kasuwancin bai daina cika ba: ambaliyar 1972 da biyu na 1996 sun cinye sassan turbar, aka sake kashe kuɗi masu yawa. Ana iya cewa kuɗin nan sun fi dacewa da wani aikin, kuma maganar abar dubawa ce. Amsar ita ce garuruwan gaɓar, irin su Hancock da Williamsport, suna samun ciniki daga matafiya, kuma gyaran turba abu ne mai yiwuwa kowace shekara, alhali da an zuba kwalta a 1954 da ba mai iya mai da wurin yadda yake.

Saboda haka nasihata ga ma'aikatan da ke nan, da ɗaliban da za su gaje su, ita ce: in takardar rushe wani tsohon aiki ta zo teburinku, kada ku sa hannu sai kun je kun taka wurin, kun tambayi waɗanda ke zaune kusa da shi.